Ɗigon shan inna kyauta har gida, maganin zazzaɓi kuma sai ka saya: amsa ga wani uban yara

Wani bawan Allah, magidanci a cikin Kano, ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Likita don Allah ka gaya min tsakaninka da Allah. Duk bayan 'yan watanni sai mata sun zo ƙofar gidana da ɗan akwatinsu wai ɗigon shan inna, kyauta, in ka ƙi ma har a haɗa ka da mai unguwa. Amma ranar da yarona ya kwana da zazzaɓi na kai shi ƙaramin asibitin unguwarmu, ko farasitamol sai da aka rubuta min na je kemis na saya. In dai don tausayinmu ake yi, me ya hana a kawo maganin maleriya gida? Ni dai na hana a ƙara ɗiga wa 'ya'yana."

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Wannan tambayar taka wallahi ba ta jahilci ba ce, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa bin layi-layi lokacin rigakafi ya sha jin ta daga bakin iyaye maza a zaure, wani cikin faɗa wani cikin ladabi. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, akwai rashin daidaito, kuma ni da nake cikin aikin nan abin yana damuna fiye da yadda kake zato. Inda muka rabu da kai kawai shine hukuncin da ka yanke a ƙarshe. Bari in warware maka yadda abin yake sai ka auna da kanka.

Kuɗin ɗigon nan da kuɗin maganin da ka nema a asibiti ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba. A shekarar 1988 ƙasashen duniya suka zauna a taron Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce za su kawar da cutar shan inna daga doron ƙasa gaba ɗaya, lokacin tana shanye ƙafafun yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Aka buɗe asusu na musamman, ƙungiyar Rotary da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka shiga, daga baya gidauniyar Bill Gates ta zuba kuɗi masu yawan gaske. Toh kuɗin nan ɗaurarre ne, wanda ya bayar ya rubuta abin da za a yi da shi, maganin ɗigo, ƙanƙarar da za a saka shi, alawus na masu ɗigawa, man mota, shikenan. Shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ko yana so ba shi da ikon ya ɗebi naira ɗaya daga ciki ya sayo maganin maleriya, in ya yi ma sunansa ɓarawo a wajen masu bincike. Kuma in faɗa maka gaskiya, ba tausayinmu kaɗai ba ne ya sa suke zuba kuɗin, akwai tausayi amma akwai lissafi, muddin ƙwayar cutar na raye a wani lungu na duniya to su ma dole su ci gaba da yi wa 'ya'yansu rigakafi har abada, jirgi ɗaya ya isa ya kai musu ita. Wannan ba makirci ba ne, buƙatarsu ce ta zo daidai da tamu.

Me ya sa shan inna aka zaɓa ba maleriya ba, alhali maleriya ce ta fi kashe mana yara nesa ba kusa ba? Saboda shan inna tana cikin 'yan tsirarun cututtukan da ake iya gamawa da su kwata-kwata. Ƙwayarta a cikin hanjin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, ba ta da mafaka a jikin dabba ko ƙwaro, in ta rasa yaron da za ta shiga sai ta mutu. Ga maganin da arha, ɗigo biyu ne a baki, macen da aka koya wa na kwana ɗaya za ta iya, ba gwaji ba awon nauyi. An taɓa yin irin haka da agana, tambayi duk wani dattijo ya nuna maka lambar da ke damtsensa, tun 1980 aka sanar babu ita a duniya kuma aka daina yi wa jama'a allurarta. Maleriya kuwa akwai sauro a tsakani, akwai kwata, akwai damina, yaro zai warke yau sauro ya sake cizonsa jibi, kuma maganinta sai an gwada jini an duba shekaru da nauyi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duk duniya, kaga ba aikin zagaye biyu ko uku ba ne.

Duk da haka akwai maganin kariya daga maleriya da ake kawowa gida kyauta, ƙila ba ka gida ake zuwa. Da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ana bin gidaje a jihohin arewa da kuma Nijar ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 wasu ƙwayoyi, a ba yaro na farko a gaban uwa, a bar mata na kwana biyu ta ƙarasa, haka duk wata har damina ta wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin tun 2012, kuma yana rage zazzaɓin damina sosai in an sha shi yadda ya kamata. Ka tambayi uwargida, zan yi mamaki in ba a taɓa kawo mata ba. Matsalar da muke gani ita ce da yawa ana shan na ranar farko sai a jefa ragowar a bayan kwalla saboda yana da ɗaci ko yaro ya yi amai.

Yanzu mu zo kan asibitin da ya tura ka kemis, don a nan ne ciwon yake. A tsarinmu gwamnatin tarayya ke riƙe da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, jiha ke riƙe da manyan asibitoci, ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye kuwa, waɗanda talaka ke fara zuwa, an daɗe da barin su a hannun ƙananan hukumomi, wato matakin da ya fi kowanne talauci kuma kuɗinsa ma ba ya isa hannunsa cikakke. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a ƙasarmu, suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Sama da shekara 20 kenan gwamnatin tarayya tana yawo a wajen kashi 4 zuwa 6. Wasu jihohin suna rubuta 15 ɗin a takardar kasafi har a tafa musu, amma rubutawa daban sakin kuɗin daban, ka jira ƙarshen shekara ka ga nawa aka fitar. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci kai tsaye, sai a 2018 aka fara saka shi a kasafi, kuma ko yanzu ba kowane asibiti yake samu ba, galibi ɗaya ake zaɓa a mazaɓa. Sakamakon duk wannan shine a duk naira 100 da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, sama da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa take fita. Kai ne ka biya, kamar yadda ka faɗa.

Ka shiga irin wannan asibitin da safe ka duba da idonka. Za ka tarar da firij mai aiki da sola yana ta aikinsa, sanyi ƙalau, an jera alluran rigakafi a ciki, da takarda manne a jikinsa ana rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma, saboda shi akwai mai bibiyarsa akwai mai biyan kuɗinsa. Ka juya ka kalli kantar magani a ɗaki na gaba, kwalaye ne babu komai a ciki, ƙila ragowar gishiri da sukari da ɗan jan magani na jini. Ma'aikaciya ɗaya ce ƙwararriya, ita ke awon ciki ita ke allura ita ke karɓar haihuwa ita ke cike rajista kala-kala har guda nawa, sauran 'yan sa kai ne da suka gama makarantar kiwon lafiya shekaru ba a ɗauke su aiki ba, suna zuwa ne da fatan wata rana. In ta rubuta maka takarda ta ce je kemis, ba mugunta ba ce, babu ne. Likita kuwa ba a maganarsa a wannan matakin, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage ma yawancinsu suna Legas da Abuja da manyan birane. Toh ka ga abin da kake gani a ƙofar gidanka, ɓangaren da baƙi ke biya yana tafiya, ɓangaren da namu ya kamata su biya ya kwanta. Wanda ya kamata ka riƙe wa wuya ba matar da ta zo da akwati ba ce, ita kanta alawus ɗin nata wani lokacin sai ya yi watanni bai fito ba.

Na san kuma a ƙarƙashin tambayarka akwai wata da ba ka rubuta ba, wato ko akwai wani abu a cikin ɗigon. Mu a Kano zarginmu yana da tushe. A 1996 lokacin babbar annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara, kusan 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Duk wanda zai yi wa Bakano maganar rigakafi ya tsallake wannan tarihin bai yi adalci ba. Shi ya sa da jita-jita ta taso a 2003 cewa an saka maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, mutane suka karɓa hannu bibbiyu, Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Kano ta fi kowa daɗewa, sai tsakiyar 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da shi bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonesiya. Amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku, ƙwayar cutar ta fita daga nan ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yemen da ita kanta Indonesiyar, mu kuma a gida a 2006 kaɗai yara sama da 1,100 aka tabbatar ta shanye. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, su ne kake gani a kan keken guragu, wasu a bakin danja wasu Allah ya taimake su sun koyi sana'a. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe masu rigakafi 9 a Kano, kusan duk mata, talakawa 'yan'uwanmu da suka fito neman na cefane. Allah ya jiƙansu.

Maganar hana haihuwa kuwa lokaci ya riga ya amsa ta. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 da 2005 su ne yanzu ke cika layin awo da goyo a baya da wani cikin a gaba, kuma arewa maso yamma inda aka fi ko'ina yawan zagayen rigakafi har yau tana cikin yankunan da ke kan gaba a yawan haihuwa a Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna mace ɗaya tana haihuwar sama da 6. Saudiyya kanta shekara da shekaru tana sharɗanta wa alhazanmu wannan ɗigon, manya da gemunsu an ɗiga musu a filin jirgi. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar tun 2009 yake jagorantar sarakunan arewa kan wannan aiki, ba za su haɗu duka su cuci jikokinsu ba.

Za ka ce toh ba an ce an gama da shan inna ba, me ake nema kuma? Eh, ainihin ƙwayar ta daji rabon da a gan ta a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka sanar Afirka ta rabu da ita, yanzu Pakistan da Afghanistan kaɗai ta rage. Amma akwai wani abu da ya kamata a riƙa gaya wa iyaye a fili, ɓoye shi ne ke ƙara zargi. Ɗigon nan ƙwayar cutar ce da aka raunana, tana shiga hanji ta koya wa jiki yadda zai yaƙi ta gaske, sannan ta fita a bayan gida. A unguwar da kusan kowane yaro ya samu rigakafi, tana fita ta mutu, ba ta da inda za ta je. A unguwar da rabin yara ba su samu ba, ga kashi a fili ga kwata a buɗe ga ruwan 'yan garuwa, sai ta yi ta tsalle daga wannan yaron zuwa wancan har shekara ko fiye, a hankali ta sake yin ƙarfi ta dawo tana shanye ƙafa. A 2021 irin wannan ta kama yara sama da 400 a Najeriya, kuma wa take kamawa? Wanda ba a yi wa rigakafin ba, ko aka yi masa sau ɗaya aka bari. Ana ɗibar ruwan manyan kwatocin Kano da Sakkwato ana kai wa ɗakin gwaji, in an ga ƙwayar a ciki an san tana yawo ko da ba a ga gurgu ba tukuna, don cikin yara 200 da ta shiga ɗaya ne take shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ke sa a sake fitowa zagaye kenan. Yawan maimaitawar kuma dalilinsa hanjin yaranmu ne, yaron da ke fama da gudawa da tamowa ɗigo ɗaya ko biyu ba ya kama shi kamar yadda yake kama yaron da ke cikin ƙoshi, kuma ƙarin ba ya cutarwa.

Amma Malam abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonka ba shan inna ba ne. Ban ji ka ambaci katin rigakafi ba. Wannan bin gida-gida da aka shafe shekaru ana yi ya jawo mana wata illa da mu ma'aikata muke gani ƙarara, mutane sun ɗauka rigakafi shine abin da ake kawowa ƙofar gida, wanda ya karɓa yana ganin ya gama, wanda ya ƙi kuma ya haɗa duka ya ƙi. Alhali alluran da suka fi ceton rai ba a kawo su gida, a asibiti ake yin su, kuma su ma kyauta ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ba, sama da miliyan 2, kuma mafi yawansu namu ne na arewa. Mun ga abin da hakan ya haifar. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, cutar da yawancin likitocinmu matasa a littafi kawai suka san ta, kuma Kano ce cibiyarta, ta fi duk sauran jihohi a haɗe yawan waɗanda suka kamu, sai Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ta tsallaka har Matamaye a jihar Damagaram. Dubbai suka kwanta, ɗaruruwan yara suka tafi, kuma da aka bi tarihinsu mafi yawa ba su da cikakken rigakafi.

Wanda bai ga mashaƙo ba ba zai gane ba. Yaro ne zai fara da ɗan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kamar mura, a sayo masa sirof a kemis, kwana biyu uku wuya ya kumbura, ka haska bakinsa da fitilar waya ka ga wata fata-fata mai launin toka ta manne a can ciki, in aka taɓa ta sai jini, numfashinsa ya koma yana ƙara kana jiyowa daga tsakar gida. A nan ne wasu ke kiran wanzami ya cire belu, don Allah duk mai karanta wannan kada ya yi, jini ne zai ɓalle kuma askar za ta kai cutar gidan gaba. Abin da ya fi ciwo shine ƙwayar tana sakin dafi a cikin jini, sai yaro ya yi kamar ya warke, ya fara cin abinci, uwa ta fara murna, bayan mako biyu dafin ya taɓa zuciya ya faɗi. Maganin karya dafin daga jinin doki ake haɗa shi, kamfanonin da ke yin sa a duniya 'yan kaɗan ne saboda ƙasashe sun daina buƙatarsa, lokacin annobar nan sai da ya yi ƙaranci, kuma in dafin ya riga ya kama zuciya ko an samu ba ya warware abin da ya ɓaci. Duk wannan allura uku ce a cinya take hana shi, a sati 6 da sati 10 da sati 14, wadda ake kira fenta, ita ɗin dai ce ke kare tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta. Uwa ta ce ta daina kai shi saboda allurar tana sa zazzaɓi da kuka, eh tana sawa, na kwana ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa ba ita ce ta yanke shawarar ba, maigida ne ya ce kar a ƙara tunda an hana shi barci.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo wadda take ba ni tsoro, iyaye su ce wa mai rigakafi shafa masa tawada a ɗan yatsa kawai ki wuce, ita kuma don ta huta da rigima ko ta cika lissafinta sai ta shafa, ta rubuta da alli a bango cewa an yi wa yaran gidan, ta zubar da maganin. A takarda unguwa ta samu kashi 95, a zahiri yaran fanko ne. Masu tsara aiki a sama suna ganin lambobi masu kyau sai su kai ƙarfinsu wani wajen. Gara mutum ya fito ya ce na ƙi kamar yadda ka yi, aƙalla mun san da kai za a zo a zauna da kai.

Kuma kada ka ɗauka kukanku bai taɓa isa sama ba. Irin wannan ƙorafin naka ne ya sa a wajen 2014 aka riƙa kafa rumfunan lafiya a unguwannin Kano lokacin zagaye, ana duba manya da yara ana ba da maganin maleriya da na tsutsar ciki da gishiri da sukari, kuma an ga mutane sun fi fitowa. Haka kuma gidauniyar Dangote da ta Gates sun ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano kan alluran asibiti, daga baya aka faɗaɗa zuwa Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe. Tsarin da aka gina don shan inna ma ya taɓa cetonmu duka, a Yulin 2014 da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da Ebola, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti har ta rasa ranta, mutanen da suka ƙware a bin sawun shan inna aka kwasa suka bi duk wanda ya yi mu'amala da shi, cutar ta tsaya a mutum 20 a duk ƙasar, 8 suka rasu, alhali birni mai mutum miliyan ashirin ta shigo. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ke tafiya in akwai mai ɗaukar nauyi. Tun farkon 2025 Amurka ta yanke mafi yawan tallafin lafiyar da take bayarwa ta rufe hukumar tallafinta ta USAID, wasu ƙasashen Turai ma suna ragewa, kuma mun fara ji a jikinmu a cibiyoyin tamowa da wajen magunguna. Wannan kyautar da kake ƙorafin ana kawo maka har gida ba ta da tabbas, in gwamnoninmu ba su fara biya da kansu ba akwai ranar da firij ɗin ma zai koma kamar kantar maganin.

Don haka ni shawarata, haushin kaza kada ka huce shi a kan dami. Gwamna ba ya jin zafin ƙin da ka yi, shugaban ƙaramar hukuma ma bai san ka yi ba, ƙafar ɗanka ce kaɗai a tsakani. Ka bari a ɗiga musu, kuma ka tsaya ka ga ya shiga baki. Sannan yau ɗin nan ka ce uwargida ta ɗauko katin kowane yaro ku duba tare, ranar haihuwa akwai lamba ta tarin fuka da ɗigo da ta ciwon hanta, sai sati 6 da 10 da 14, sai wata 9 ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai wata 15 ƙyanda ta biyu. Wanda ya tsallake wata ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, wanda ba shi da kati kwata-kwata ko ya wuce shekara ku kai shi a duba abin da za a cike masa. In an nemi kuɗin allurar rigakafi a asibitin gwamnati ka ce ba ka yarda ba, kyauta ce. In zazzaɓi ya zo ka nemi a yi gwajin ɗan yatsa kafin a ba da magani, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, in kuma yaro ya fara jijjiga ko ya kasa shan nono ko tafin hannunsa ya yi fari fat, babban asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, kada a tsaya kemis.

Shi kuma rashin maganin, akwai inda ake kai shi. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan ƙaramin asibiti, mai unguwarku ya san 'yan kwamitin, kuma a asibitin da ke karɓar kuɗin nan na kashi 1, shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu kafin a cire kuɗi daga asusun. Ku haɗu ku biyar ko goma daga masallacinku ku je ku tambaya, asibitinmu yana cikin masu samu, nawa ya shigo a wata ukun nan, me aka saya da shi, ina magungunan maleriya da gwajin da ake turowa kyauta, su wa aka yi wa rajistar inshorar marasa galihu a mazaɓar nan. Ku tambaya cikin mutunci amma ku riƙa komawa, in ba a ba ku amsa ba ku wuce wajen kansila da ɗan majalisar jiharku, ku kira gidan rediyo. Na ga asibitin da kantarsa ta fara cika don kawai ma'aikata da na sama da su sun san akwai dattawan da za su zo ƙarshen wata su nemi a buɗe musu littafi.